Kurmin Kaka Jatau

Ɗakin Iya shi ne na ƙarshe a gidanmu, can kusa da rumbuna, kuma daga girbin dawa har zafi ya shigo wuta ba ta mutuwa a cikinsa. Gungumen ƙirya guda take sawa a murhun tsakar ɗaki, ya yi kwana uku yana ci a hankali. Da an yi sallar isha an ci tuwo, mu jikokinta sai mu kwashi tabarma mu nufi can. Ita tana zaune a kan buzunta, ta miƙe ƙafafu, tana tura gyaɗa cikin toka da tsinke. Wanda ya yi surutu ba ya samun gyaɗa. Wanda ya yi barci kuwa a nan za a bar shi, gobe a yi ta yi masa tsiya.

Iya mahaifiyar babanmu ce. A gidan Maguzawa aka haife ta, a wata 'yar unguwa bayan dutsen da ke gabas da ƙauyenmu, ta wajen Saji. Ta musulunta da za ta auri kakanmu, kuma ni dai ban taɓa ganin wanda ya kai ta kiyaye salla ba. Sai dai ƙaninta, wanda muke kira Kaka Jatau, ya zauna a kan addinin iyayensu. Dogon tsoho ne mai faɗin tafin hannu, ba ya zuwa gidanmu hannu rabbana. Ko ɗinya ko zuma ko 'yan ƙwan zabi, sai ya zo da wani abu a aljihun taguwarsa.

Shi ke kula da kurmin da ke gindin dutse. Wuri ne mai duhuwa, da kanya da ɗorawa da tsamiya, da wani ƙaton ɓaure da mutum huɗu ba sa zagaye shi da hannu. Daga ƙarƙashin saiwar ɓauren nan ruwa yake ɓuɓɓugowa, mai sanyi har haƙora su yi zafi, kuma ko rijiyoyin gari sun ƙafe shi ba ya ɗaukewa. Kowa ya san dokar wurin. Ƙarfe ba ya shiga, ko lauje ne. Itacen da ya faɗo da kansa tsofaffin mata ne ke tsinta. Ba a kashe ko ƙadangare. Fulanin da ke maƙwabtaka da mu ma can ƙasa suke shayar da shanu, inda ruwan ya gangara. Sau ɗaya a shekara, in hadari ya fara haɗuwa a gabas, Kaka Jatau yakan je da jan zakara da ƙwaryar farau-farau. Akwai wata 'yar tukunya binne har wuya a gindin ɓauren. A nan yake yanka, ya zuba, ya roƙi Uwargona, wadda su Maguzawa suka ɗauka ita ke riƙe da amfanin gona, ta ba da damina mai albarka. Mu Musulmi ba ma zuwa, amma ruwan dai tare muke sha.

Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin da soja suka sauka aka koma zaɓe, ba da jimawa ba kuma maganar shari'a ta cika rediyo. Na tuna babanmu ya yi hawayen murna. Mutane sun gaji da zalunci, suna ganin gyara ya zo. A cikin wannan zamanin ne yayana Sani ya dawo daga karatu a Kano. Ba mai zafin rai ba ne. Shi ya zauna ya gyara mini karatun Fatiha harafi bayan harafi, bai taɓa ɗaga mini bulala ba, kuma a duniya ba wanda nake son ya yabe ni kamarsa.

Wata safiya na raka Iya ɗebo ruwa a kurmi. Da ta cika ƙoƙon farko, sai na ga ta juye shi a kan saiwar ɓauren, leɓenta yana motsi, sannan ta fara zubawa a tulu. Ƙila na sha ganin haka ban kula ba. Amma a makon nan aka koya mana ma'anar shirka a Islamiyya, kuma kalmar tana nan sabuwa a kaina. Da muka dawo ban ko sauke gammo ba na nufi wajen Yaya Sani.

"Yaya, na ga Iya tana yi wa bishiya tsafi."

Na zaci zai ce na yi ƙoƙari. Sai ya ajiye littafin hannunsa, ya ce, "Rabi, da idonki kika gani?" Na ce da idona. Da yamma na ji muryarsa da ta Baba a zaure. Tsoro yake ji wa kakarsa, tsoron wuta, wannan na gane shi daga baya. Kwana biyu samarin gari suna taruwa a bakin masallaci. Ran Juma'a bayan an sauko aka tsai da magana cewa gobe da safe za a shiga kurmin da gatura a kawar da wurin baki ɗaya.

Da isha ranar na so in ƙi zuwa ɗakin Iya, amma rashin zuwa zai fi tona mini asiri. Na raɓe can bayan ƙannena. Ta tono gyaɗa ta raba, ta miƙo mini tawa kamar kullum. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Sani, na ji tafiyarka a tsakar gida. Zo ka tsaya ko a bakin ƙofa ne, ba zan riƙe ka ba." Ya zo ya jingina da bango, hularsa a hannu.

Iya tana da yadda take buɗe tatsuniya. Takan ce, "Na ɗauko ta daga nesa, ta yi mini nauyi, wa zai sauke ni?" Mu kuma mu ce, "Mu ne, Iya, sauke ta nan."

Ta ce a wani gari ne da ba su san ƙishirwa ba, domin akwai wata tsohuwa da ke zaune a cikin bishiyoyi a bayan garin, da gorarta a gefe. Duk wanda ya zo da tulu sai ta karkata gorar ta cika masa, gorar kuma ba ta raguwa. Ba ta karɓar ko ƙwayar gero. Ana nan sai wani manomi mai ƙarfi, wanda gonarsa ta yi iyaka da wurin, ya ga ƙasar baƙa ce wuluk, ya ce wannan ai asara ce a bar wa tsuntsaye. Ya sare bishiya ɗaya, tsohuwa ta ja tabarmarta ta koma ƙarƙashin ta kusa. Ya sare wannan, ta ƙara matsawa. Ba ta ce masa komai ba, kullum ma sai ta cika masa tulunsa. Ranar da ya kayar da ta ƙarshe, mata suka zo da safe suka tarar ba tsohuwa ba gora, sai sawun ƙafa mai danshi ya nufi arewa.

Gari ya shiga wahala. Aka yanka awaki, aka yi kiɗa, aka yi ta kira, shiru. Sai wata yarinya ta ce ita za ta bi sawun. Ta yi tafiyar kwana bakwai. A hanya ta tambayi kurciya, kurciya ta ce, "Ni ma gidana aka kayar, bi gaba." Ta tambayi guza, ya ce haka nan. A rana ta bakwai ta sami tsohuwar a cikin wani kogon dutse, tana zaune da gorarta. Yarinya ta durƙusa ta ce, "Kaka, ki yi haƙuri ki huce, an yi miki laifi."

A nan Iya takan canza murya, ta mai da ita siririya kamar ta wadda ta shekara ɗari.

"Tsohuwa ta ce, 'Yarinya, wa ya ce miki fushi na yi? Ni ban iya fushi ba. Tsufa ne. Ba na iya zama a rana. Ku yi mini inuwa in dawo.'"

Yarinya ta koma gida ta shuka ƙwallon kanya da na ɗorawa da na tsamiya. Babu ruwan da za ta ba su, sai ta riƙa raba nata na sha biyu. Awaki suka cinye, ta sake shukawa, ta kewaye da ƙaya. Ta yi aure, ta haihu, ta yi furfura, mutane suna ce mata mahaukaciya. Sai da bayanta ya ranƙwafa, wata safiya jikarta ta shigo a guje ta ce akwai wata baƙuwa a cikin bishiyoyi tana shimfiɗa tabarma.

"Iyakar inda na raka ta ke nan," in ji Iya, "ta wuce, ni na dawo."

Ƙanena Auwalu bai gamsu ba. Ya ce, "To mai saran fa? Ba abin da ya cinye shi?"

"Ba abin da ya cinye shi. Ya sha ƙishirwa tare da kowa. Da ruwa ya dawo kuma jikokinsa suka sha tare da kowa."

Daga bakin ƙofa Yaya Sani ya ce, "Iya, tatsuniya ai ƙarya ce."

Ta ce, "Ƙarya ce mana, ɗan nan. Ni na taɓa ce muku na ga tsohuwa da gora? Ƙishirwar ce dai na taɓa gani. Kai ba ka gan ta ba tukuna."

Ya ce mata sai da safe, ya tafi.

Da gari ya waye ba Iya a ɗakinta, ba buzunta, ba butarta. Na bi mata masu zuwa ɗebo ruwa. Tun daga nesa muka ji sara. Samari sun kai ashirin, sun fara daga bakin kurmin, har sun kayar da marke biyu da wata kanya da muke tsintar 'ya'yanta. Tsuntsaye sun tashi suna ta zagaye a sama. A gindin ɓauren kuwa Kaka Jatau ne zaune a ƙasa kusa da tukunyarsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ba sanda ba wuƙa. Taku kaɗan daga inda yake, Iya ta shimfiɗa buzu ta fuskanci gabas tana sallar walha.

Da masu gatura suka iso wurin sai suka tsaya cirko-cirko. Ba mai iya wucewa ta gaban mai salla, ba kuma mai iya kayar da itace a kanta. Ta sallame ta sake tayarwa. Ta sallame ta sake tayarwa. Wani ya ce a ɗauke ta, Yaya Sani ya juya ya dube shi, mutumin bai ƙara faɗa ba. Ana cikin haka babanmu ya iso tare da limamin gari, Malam Haruna, tsoho ne da ya karantar da kusan duk wanda ke riƙe da gatari a wurin.

Liman ya jira Iya ta shafa addu'a, sannan ya ce, "Hajiya, masallaci ya yi miki kaɗan ne?" Haka yake kiranta don girmamawa, ko da yake ba ta taɓa zuwa Makka ba.

Ta ce, "Malam, ƙasar Allah ce nan ma. Ni na bar tsafi tun ba a haifi uban yaran nan ba, kuma ban yi nadama ba. Amma a nan uwata ta wanke ni ranar da aka haife ni. Kuma duk wanda ke tsaye a nan, da ruwan nan aka dama masa kunu. In tukunya ce damuwarku ku yi magana da mai tukunya, ga shi nan zaune. Bishiya ba ta ce kowa ya bauta mata ba."

Yaya Sani ya ce, "Allah ya gafarta Malam, muddin wurin nan yana nan, za a ci gaba da yanka wa wanin Allah."

Liman ya ce, "Gaskiyarka, yankan ba namu ba ne, kuma ba za mu ce daidai ne ba. Amma Jatau maƙwabcinmu ne, ba mu da ikon tilasta masa. Sannan ban san inda aka ce a kashe ruwan da jama'a da dabbobi ke sha ba." Ya juya ya ce, "Jatau, kai me ka ce?"

Kaka Jatau ya ɗago kai. Da ya buɗe baki, da Yaya Sani ya yi.

"Jikana, ni ban san karatu ba. Ubana ya ce mini in riƙe wurin nan, na riƙe. In na zo roƙo ba na cewa a ba Jatau ruwa a hana Sani. Har shanun Fulani nake sawa a ciki. Yanzu in tukunyar nan ce za ta sa a kashe itatuwan, to ni zan ɗauke ta. Ita tana iya zama a bayan ɗakina. Su ba sa iya tashi."

Ya durƙusa ya fara tona da yatsunsa, tunda ko a ranar bai yarda ya sa ƙarfe a wurin ba. Ƙasar ta yi tauri, saiwoyi sun naɗe tukunyar. Ba wanda ya taya shi. Da ta fito ya goge ta da bakin taguwarsa, ya rungume ta a ƙirji, ya bi hanyar bayan dutse. Iya ta bi shi da kallo har ya ɓace, hawaye yana bin kumatunta, carbi yana tafiya a hannunta. Samari suka saɓa gatura suka watse ɗaya bayan ɗaya.

A hanyar gida na kasa riƙewa. Na ce, "Iya, ni ce na faɗa."

Ta ce, "Na sani, ƙawata. Tun ranar na sani, ai ba ki iya ɓoye fuska ba."

Na ce, "To me kike cewa in kin zuba ruwan?"

"Bisimilla nake yi. Hannun ne ya saba tun ina yarinya, uwata ta ce kada ka ɗiba ba ka mayar da komai ba. Na canza abin da baki ke faɗa, hannu kuwa ya ƙi canzawa." Ta ɗan yi tafiya sannan ta ce, "Gobe in kin ga abin da ba ki gane ba, ki fara tambayar mai shi."

Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan, kuma ya fi mini duka ciwo.

Kaka Jatau bai sake shiga kurmin ba. Damina biyu bayan haka ya rasu, 'ya'yansa kuma wasu sun musulunta, wasu sun shiga coci, aka rufe wannan babin. Iya ta bi shi ina aji biyu a sakandare.

Na daɗe ina ɗaukar cewa a ranar nan an yi nasara, kowa ya samu abin da yake so. Sai da na girma, na yi aure a Kibiya ina zuwa gida jefi-jefi, na ga abin da ya biyo baya. Ba masu wa'azi ne suka ci kurmin ba. Mu ne, a hankali. Da tsoron wurin ya fita daga zukatan mutane, sai wannan ya sari reshe don awakinsa, wancan ya kayar da bishiya ɗaya don rufin ɗaki, masu gawayi suka zo da mota. Kowa da hujjarsa, kuma ba wanda ya yi niyyar mugunta. Wata bazara na je na tarar mata sun yi layi a gindin ɓauren suna kwalfar laka da ƙoƙo. A ranar na fahimci cewa mutanen Iya, da abin da suka yi imani da shi wanda ni ban yi ba, sun san wani abu da mu muka karanta a littafi amma ba mu riƙe ba, wato akwai wurin da ake cewa nan kam ba a taɓawa. Mun cire dalilinsu, ba mu sa namu a gurbinsa ba, alhali muna da shi.

Wanda ya fara sa shi kuwa Yaya Sani ne. Yanzu shi ne na'ibin liman, gemunsa ya fara fari. Shekaru ke nan yana tashi bayan salla yana magana a kan amanar ƙasa da ruwa, har wasu suna yi masa laƙabi da malamin itatuwa. Ya sha rigima da masu gawayi. Shi da ɗalibansa suka kewaye abin da ya rage da ƙaya suka yi dashe. Ruwan bai koma kamar da ba, amma yana kaiwa faɗuwar damina.

Kwanaki bayan sallar da ta wuce muna zaune a tsakar gida, 'yarsa ƙarama ta dawo daga Islamiyya ta ce, "Baba, wai wane ne Jatau da ake cewa kurminsa? Wata ta ce mini wai arne ne."

Suna ne da an daɗe ba a ambata a gidan ba. Matarsa ta buɗe baki za ta kore ta, ya ɗaga mata hannu. Ya jawo yarinyar ya zaunar da ita a gefensa.

"Kada ki ƙara kiransa haka. Ƙanin kakata ne, jininki ne. Bai yi salla ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma shi ya tsare mana ruwan nan tun ba a haife ni ba, ni kuma na je masa da gatari. Ya rasu ban ba shi haƙuri ba. In an sake tambayarki, haka za ki faɗa, har da na gatarin."